Waye ake ce wa Kwara?

Malam, ka ce ka ji wani dattijo a Titin Ahmadu Bello nan Jos yana cewa "kantin Kwara", kana tambaya ko ɗan jihar Kwara yake nufi. A'a. Kwara, jam'insa Kwarori, sunan da Hausawa ke kiran mutumin Labanan ne, a haɗa har da na Siriya. Ba abin da ya haɗa shi da jihar, wadda sai 1967 aka ƙirƙiro ta, daga baya aka sa mata sunan Kogin Kwara.

Bayanin da aka fi yi shi ne, na farkonsu tallar murjani suke yi a Ikko, suna kiran sunansa da Turanci, wato "coral", sai Yarbawa suka laƙaba musu Kora, mu kuma muka ce Kwara. Haɗa su da 'yan Siriya ba mamaki, don lokacin duk Sham ce ƙarƙashin Daular Usmaniyya. Sai 1943 Labanan ta sami 'yancin kai.

Kalmar ba zagi ba ce. Amma a takarda ko gaban mutum, ni na fi son a ce ɗan Labanan. Da yawansu nan aka haife su, kakanninsu suka yi cinikin gyaɗa da atamfa a Kano, kuma Hausa a bakinsu kamar jakin Kano.