Hukuncin neman ragi idan kuɗin jirgin ruwan shaƙatawa ya sauka bayan an kama ɗaki

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah gafarta Malam, ni ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari. Na kama mana ɗaki ni da maiɗakina a irin manyan jiragen ruwan nan na yawon shaƙatawa, wanda zai tashi daga Dubai ya biya Abu Dabi da Doha ya dawo, kwana bakwai. Ta hannun wani ejan na nan Kano na yi. Kuɗin mu biyu dala 2,400, na ba da kafin alƙalami dala 500, cikon sai nan gaba. Yanzu yarona ya nuna mini a intanet cewa irin ɗakin, a wannan jirgin, a wannan ranar, ya koma dala 1,900. Wani abokina ya ce in fasa in sake kamawa a sabon farashi, idan sun ƙi mayar mini da kuɗina in ce rashin lafiya ce ta taso. Shin ina da haƙƙin a rage mini? Kuma shawarar abokin nawa ta halatta?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Alhaji, faɗuwar farashi ita kaɗai ba ta ba ka haƙƙin ko sisi a kan kamfanin ba, sai fa in akwai sharaɗin haka a takardar da kuka ƙulla. Neman ragi kuwa halal ne, babu ko karhanci a ciki. Ƙaryar rashin lafiya haramun ce, kuɗin da aka karɓo da ita ma haramun ne.

Abin da ke tsakaninka da su haya ce. Ka sayi amfanin ɗaki da tafiya da abinci na kwanaki sanannu a kan kuɗi sananne, kuma a wurin malamanmu na Malikiyya haya tana lizimtar ɓangarorin biyu da zarar an yi tayi an sallama, kamar ciniki. Allah Ya ce a farkon Suratul Ma'ida: "Ya ku waɗanda suka yi imani, ku cika alkawura." A Suratun Nisa'i, aya ta 29, Ya halatta cin dukiyar juna ta hanyar kasuwanci bisa yarda. Yardar da ake dubawa ita ce ta ranar ƙulla cinikin, kuma ran nan ka yarda da 2,400 ba wanda ya sa maka wuƙa a wuya. Ko malaman da suke ganin mai saye da mai sayarwa suna da zaɓin fasawa muddin ba su rabu ba, wato Imam Shafi'i da Imam Ahmad, zaɓin nasu yana ƙarewa ne da tashi daga wurin cinikin. Kai kuwa ka daɗe da barin ofishin ejan.

Kai ma ka san wannan a rumfarka. In mutum ya ɗauki dilar shadda a hannunka yau, jibi sabon kaya ya sauka kasuwa ta karye, ya dawo yana cewa dole ka mayar masa da bambancin, me za ka ce masa? In kuma da tashi kayan suka yi, ba za ka bi shi gida ka ce ya ciko maka ba. To haka nan, da kuɗin ɗakin nan hawa ya yi zuwa 3,000, kamfanin ba shi da ikon ƙara maka ko dala ɗaya a kuɗin ɗakin. Wannan kariyar ka saya da kamawa da wuri.

Kada kuma a kawo maganar cuta a farashi, wadda wasu malamai ke ba wa wanda bai san kasuwa ba damar fasawa saboda ita. Wancan yana magana ne a kan wanda aka sayar wa abu sama da kuɗinsa na ranar. Kai farashin ranar aka ba ka. Kamfanonin nan haka suke yi: in ɗakuna na tafiya su ɗaga kuɗi, in lokacin tashi ya matso ɗakuna ba su cika ba su karya, domin ɗakin da jirgi ya tashi da shi babu kowa asara ce da ba ta dawowa.

Sai dai ƙofa ba a rufe take ba. Manzon Allah (SAW) ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. Saboda haka abu na farko, ka sa ejan ɗinka ya fito maka da takardar sharuɗɗa, ka ba wanda ya iya Turanci sosai ya karanta maka ita har ƙananan rubutun ƙasa da mutanenmu ba sa kallo. Abu biyu za ka nema a ciki: ranar ƙarshe ta biyan ciko, wadda yawanci takan kama wata biyu zuwa huɗu kafin tashi, da kuma irin kafin alƙalamin da ka bayar, mai dawowa ne ko maras dawowa. Idan takardar ta ce kana iya fasawa kafin wannan rana a mayar maka da kuɗinka, to fasawa ka sake kamawa a sabon farashi halal ne tas, ba yaudara ba ce, su suka ba ka wannan dama da hannunsu. Idan ta ce za su daidaita maka farashi in ya sauka, wannan ya zama haƙƙinka, ka nema kai tsaye, kuma wajibi ne su cika.

Idan babu ɗaya daga cikin biyun, saura roƙo. Shari'a ta kwaɗaitar da mai sayarwa ya karɓi uzurin wanda ya yi nadama: Abu Huraira ya ruwaito cewa wanda ya yarda ya warware wa Musulmi cinikinsa, Allah zai yafe masa tuntuɓensa. Buhari kuma ya fitar daga Jabir cewa Annabi (SAW) ya nema wa mutum mai sauƙin kai rahama, in zai sayar, in zai saya, in zai karɓi bashi. Sauƙin kan ya shafi mai saye ma, a lura. Ka nema da ladabi, in sun rage kyauta ce suka yi maka, in sun ƙi ba su zalunce ka ba. Kamfanoni da dama sukan rage kafin ranar ciko don kada su rasa mutum gaba ɗaya. Bayan ranar kuwa da wuya su mayar da tsabar kuɗi, sai dai su canja maka ɗaki mafi kyau ko su ba ka wani adadi da za ka kashe a cikin jirgin. Duka biyun halal ne a karɓa. Illa dai jiragen nan galibi akwai mashaya da ɗakin caca a cikinsu, to kada kuɗin ya bi ta can. Ga abinci, ga yawon gari in an tsaya a tasha.

Maganar kafin alƙalami maras dawowa ita ce inda malamai suka saɓa, kuma ya kamata ka san saɓanin tunda dala 500 ba ƙaramin kuɗi ba ne. Imam Malik ya kawo hadisin hani a kansa a Muwaɗɗa, ya kuma fassara shi da misalin da ya yi daidai da naka: mutum ya yi hayar dabbar hawa, ya ba da dinari ko dirhami, ya ce in na tafi da ita wannan yana cikin kuɗin haya, in na fasa ya zama naka. Ya ce wannan ɓatacce ne, kuma mafi yawan malamai suna tare da shi. Imam Ahmad ya halatta, yana ganin hadisin bai inganta ba, yana kuma kafa hujja da sayen gidan Safwan ɗan Umayya da aka yi wa Sayyidina Umar a Makka a kan irin wannan sharaɗi. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta ɗauki halascin, da sharaɗin a iyakance lokacin jira, ta ce haya ma ta shiga ciki. Abin da nake ba da fatawa da shi ke nan a irin wannan mu'amala, domin kamfanin ya tsare maka ɗaki ya hana wasu. Don haka in naka maras dawowa ne, ka fasa suka riƙe, ba su ci haram ba. Kuma ka yi lissafi irin na 'yan Kwari: ragin 500 ne, abin da za ka rasa 500 ne, wahala kawai ka sayo. Ka duba kuma ko sabon farashin ya haɗa da harajin tashoshi da kuɗin ma'aikata da duk wata gyara da aka yi maka a tsohon, don sau da yawa lambar da ake gani a talla ba ita ce ta ƙarshe ba.

Shawarar abokinka kuwa, Allah Ya shirye mu da shi. Cewa ba ka da lafiya alhali lafiyarka ƙalau ƙarya ce, in aka haɗa da takardar asibiti ta bogi an ƙara da shaidar zur, an kuma jawo wanda ya rubuta cikin zunubi. Muslim ya ruwaito cewa wanda ya yi algus ba ya tare da Annabi (SAW). Haka in ragin an rubuta cewa na sababbin masu kamawa ne kaɗai, ba ya halatta ka canja rubutun sunanka ko ka ɓuya a bayan wani suna don a ɗauke ka baƙo. Kasancewar masu kamfanin ba Musulmi ba ne, ko suna da kuɗi kamar ƙasa, bai halatta dukiyarsu ba. Wannan tunani ya yi yawa a cikinmu kuma ba shi da asali.

Saura ejan. Tunda ta hannunsa ka kama, galibi kamfanin da shi zai yi magana, ba da kai ba. Shi wakilinka ne, wakili kuwa amintacce ne: duk abin da aka rage naka ne, ba ya halatta ya karɓa ya yi shiru, ko da ragin ya taɓa la'adarsa. In yana son ladan wahalar bibiya, ku yanka tun kafin ya fara. Wannan in a matsayin wakili ya tsaya. In kuwa shi ya sayi ɗakin ya sayar maka a farashinsa, to cinikinka da shi ne, shi za ka roƙa. In kuma kamfanin ya mayar da wani kuɗi a dala shi kuwa ejan zai ba ka naira, to a kan canjin ranar da zai biya ka ne, ba na ranar da ka ba shi ba, kuma kada ku rabu da saura a tsakaninku, kamar yadda Annabi (SAW) ya faɗa wa Ibn Umar lokacin da yake sayar da raƙuma da dinari yana karɓar dirhami. Ku tambayi farashin ranar a Wapa, kasuwar 'yan canji ta Kano, ku rubuta, ya ba ka hannu da hannu.

Wallahu a'alam.