Amsa ga mai tambaya kan fim ɗin Summer Wars

Assalamu alaikum Hajiya. Na ga tambayarki cewa ɗanki mai shekara 13 ya matsa sai kin bar shi ya kalli wani fim na zanen Japan mai suna Summer Wars, kuma kina son sanin abin da ke cikinsa, da ko ya dace da yaro, da kuma ko labarin manhajar da ta fi ƙarfin masu ita yana da tushe. Na kalli fim ɗin sau uku, na ƙarshe tare da 'ya'yana biyu, kuma sana'ata ita ce kula da kwamfutoci da layukan sadarwa na wata ma'aikata. Dole in tona wasu sassan labarin, domin ba za ki iya yanke hukunci ba sai kin san su.

Fim ɗin ya fito a Japan a 2009, Mamoru Hosoda ne ya ba da umarni, kamfanin Madhouse ya yi zanen, kuma tsawonsa ya kusa awa biyu. An gina shi a kan wata duniya ta intanet mai suna OZ, inda kowane mutum yake da asusu da wata sura da ke wakiltarsa, kuma da wannan asusun yake sayayya, yake biyan haraji, yake gudanar da aikin ofishinsa. Kenji, ɗan sakandare mai baiwar lissafi, ya raka wata 'yar makarantarsu, Natsuki, zuwa garin Ueda da ke lardin Nagano don bikin cikar kakar mahaifiyarta, Sakae, shekara 90. A daren farko aka turo masa dogon jerin lambobi a waya daga wanda bai sani ba, ya ɗauka wasa ƙwaƙwalwa ne, ya warware ya mayar da amsa. Da gari ya waye an sace asusunsa, wata ƙirƙirarriyar basira mai suna Love Machine ta kutsa cikin OZ, fitilun kan hanya sun rikice, bututun ruwa sun ɓalle, ana ta kiran motocin kashe gobara zuwa inda babu gobara.

Abin da ya sa nake girmama fim ɗin shi ne bai nuna manhajar a matsayin muguwar halitta mai ƙiyayya da bil'adama ba. Wabisuke, wani ɗan gidan da ya daɗe a Amurka, shi ya ƙirƙire ta, kuma abin da ya dasa mata kawai shi ne ƙishin sani. Sojojin Amurka suka saye ta, suka sake ta cikin OZ don gwaji, ita kuwa ta ɗauki komai wasa ne da dole ta ci. Ɓarnar ta kai inda ta kai ne saboda mutane sun tara dukkan ƙwansu a kwando ɗaya: duk wanda aka sace asusunsa, an sace ikon da yake da shi a wurin aikinsa, ko shi jami'in ruwa ne ko mai sarrafa kumbo. Wannan kam gaskiya ce da nake gani kullum, domin mafi yawan matsalolin da nake gyarawa suna farawa ne daga mutum ɗaya da ya danna saƙon da bai san mai shi ba, ko ya sa kalmar sirri guda a wurare goma.

Ba a taɓa ganin manhajar da ta ƙwace ragamar duniya kamar yadda fim ɗin ya nuna ba, amma tsayawar al'amura saboda dogaro da abu ɗaya ta sha faruwa. A ranar 19 ga Yulin 2024, kuskure a wani sabon zubin manhajar tsaro ta kamfanin CrowdStrike ya durƙusar da kwamfutoci kimanin miliyan 8.5, aka soke tashin jirage, asibitoci suka koma rubutu da hannu. Kafin nan, a ranar 14 ga Maris na shekarar, wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka samu matsala a gaɓar Afirka ta Yamma, kuma ina jin kin tuna yadda tura kuɗi ta banki ya gagara.

A wannan ranar ta Maris ne na fahimci wurin da ya fi kowane daraja a fim ɗin. Lokacin da komai ya rikice, tsohuwa Sakae ba ta taɓa kwamfuta ba. Tsohuwar wayar tebur ta jawo da littattafanta na adireshi da wasiƙun da ta adana, ta shiga kiran 'ya'ya da jikoki da tsofaffin sanayya da ke riƙe da muƙamai, tana ƙarfafa wa kowa gwiwa ya tsaya a bakin aikinsa. A ma'aikatarmu ma, duk takardun aiki da lambobin abokan hulɗa suna kan intanet, sai ga shi wani dattijo da ke kula da sito ya fito da littafinsa mai bangon kwali wanda ya shekara da shekaru yana rubuta lambobi a ciki, kuma da shi muka yi aikin ranar. Tun daga nan na sa aka buga muhimman lambobi a takarda aka ajiye a kowane ofis.

Game da dacewa da yaro, akwai abubuwan da ya kamata ki sani tun da wuri. Natsuki ta yi wa danginta ƙarya cewa Kenji ne wanda za ta aura, kuma a ƙarshe ta sumbace shi a kumatu gaban mutane. Akwai ɗan gajeren wuri da aka nuna ta bayan fitowa daga wanka, kuma manyan gidan suna shan giya a wurin cin abinci. Shi Wabisuke ɗa ne da mijin Sakae ya haifa a waje, ita ta karɓe shi ta rene shi, kuma yaro mai lura zai tambaye ki ma'anar hakan. Sannan karon ƙarshe da manhajar an yi shi ne ta wasan kartar Japan da ake kira Koi-Koi, inda Natsuki ta sa asusun danginta a matsayin abin da za a ci ko a cinye. Na tsayar da fim ɗin a nan na bayyana wa yarana cewa wannan siffar caca ce, kuma haramun ce a wurinmu ko da an nuna ta cikin kyakkyawar niyya.

Wuri mafi nauyi shi ne rasuwar Sakae. Ɗanta likita yana bibiyar bugun zuciyarta ta hanyar OZ, kuma saboda rikicin, gargaɗin bai iso masa ba. 'Yata mai shekara 8 ta yi kuka sosai, domin ba a daɗe da rasuwar kakarta ba, kuma da na sani da na jinkirta mata. Yayanta kuwa abin da ya riƙe shi ne wasiƙar da tsohuwar ta bari, wadda a ciki ta roƙi a karɓi Wabisuke idan ya dawo, a ba shi abinci, a zauna a ci tare. Washegari ya tambaye ni dalilin da ya sa muka daina zuwa gidan baffansa, tambayar da ta sa na ɗaga waya a ranar.

Shawarata, Hajiya, ki bar shi ya kalla, amma kina zaune kusa da shi, ƙannensa da ba su kai shekara 10 ba kuma su dakata tukuna. Idan an zo wurin da Kenji ya amsa saƙon dare, ki tsayar ki tambaye shi abin da shi zai yi idan irin saƙon ya shigo wayarsa, sannan ku duba tare ko kalmar sirrin wasanninsa ita ce ta imel ɗinsa. Allah Ya shirya mana zuri'a.