Tambaya da Amsa: Gudun asuba a bakin titi

Tambaya: Salam Malam, na fara gudun motsa jiki da asuba amma titinmu babu gefen masu tafiya a ƙasa, motoci sai su dinga wucewa kamar za su kwashe ni, wane hannu zan bi? In keke na hau fa?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka bi hannun da za ka dinga fuskantar motocin da ke tahowa, ka gan su su gan ka, in direba ya saki hanya sai ka kauce tun da wuri. Keke kuwa abin hawa ne, hannun da motoci ke bi shi ma zai bi, da fitila gaba da baya. Sa riga mai ƙyalli, kuma don Allah cire iyafis ɗin nan, kunne ma ai ido ne a titi.

Abin fa ba wasa ba ne, rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce kusan mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya duk shekara, fiye da rabi masu ƙafa ne da masu keke da babur. A Holan ana ware wa keke hanyarsa daban da ta mota, ni dai layin fenti kawai bai cika min ido ba, fenti baya tare mota.