Tambaya da Amsa: Jarumi ɗaya ya cinye mana wasa

Tambaya: Salam Malam, dan Allah ina neman shawara. Ni da abokaina huɗu muna yin wasan labari na kan tebur, irin wanda kowa ke riƙe jarumi ɗaya, mutum ɗaya kuma yana jan labarin. Na zauna na rubuta dokokin namu da kaina, ana jefa dayis biyu masu fuska shida a haɗa a ƙara makin jarumi, 10 zuwa sama an ci, 7 zuwa 9 an ci amma da asara, 6 zuwa ƙasa an faɗi. To matsalar ita ce mayaƙin da na ba +4 kusan baya faɗuwa sam, ɓarawo da mai iya magana kuwa sai danna waya suke har a tashi. Wani ya ce in ƙara wa kowa maki su zama daidai. Haka ne? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Kar ka ƙara wa kowa komai tukuna, tsaya mu ƙirga dayis ɗin nan naka, domin nan ɓarnar ta fara.

Tsarin da ka ɗauko ai na wani wasa mai suna Apocalypse World ne, wanda Vincent Baker ya fitar a 2010, kuma ƙananan wasanni da yawa sun bi sawunsa. Dayis biyu suna iya faɗuwa ta hanya 36, kuma ba kowace lamba ke da rabo ɗaya ba, 7 tana da hanya shida, 2 da 12 kuwa hanya ɗaiɗai kacal. Mutumin da ba shi da ƙarin maki zai samu 10 zuwa sama sau 6 cikin 36, ya faɗi sau 15. Shi kuwa mayaƙinka mai +4, abin da yake nema kawai dayis su ba da 6 zuwa sama, wato sau 26 cikin 36, faɗuwarsa kuma sai in duka biyun sun nuna 1, sau ɗaya tak cikin 36. Ka gani? Wallahi ko ni ne a teburin nan wayata zan ɗauko. Shi ya sa a wancan wasan makin jarumi yake tsayawa a +3, kuma da wuya ka fara wasa da shi.

Ina zargin +4 ɗin nan daga wasan Dungeons & Dragons ka gano shi, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fara fitarwa a 1974. Can dayis mai fuska ashirin ake jefawa, kowace lamba rabonta ɗaya, kowane +1 kashi 5 ne cikin ɗari, to +4 kashi 20 ne kawai. A naka kuwa ya ɗaga damar samun 10 zuwa sama daga kusan kashi 17 zuwa 72. Lamba ɗaya ce a takarda amma nauyinta ba ɗaya ba, kowane allazi da nasa amanu.

Sai dai ko ka mayar da shi +2 yau ɗin nan, ina jin ɓarawon zai ci gaba da hamma, kuma wannan ne abin da na fi son ka duba. Buɗe takardar dokokinka ka ƙirga shafi nawa ne na faɗa, nawa ne na sata ko na lallashi. Na taɓa yin wannan kuskuren da kaina, shafi shida na sara da suka da yadda ake kare kai, lallashi kuwa layi biyu, "jefa dayis, in ka ci ya yarda", shikenan, sai ga shi duk ƙofar da muka tarar a rufe ballewa ake yi da gatari saboda nan ne dokoki ke da daɗi, mai iya maganarmu ya yi zaman awa uku bai jefa dayis ko sau ɗaya ba, ya ninke takardar jaruminsa ya yi jirgi da ita. Laifina ne, ba na mai gatarin ba.

A zama na gaba ka ajiye ƴar takarda gefenka, duk wanda ya yi abin da ya juya labarin ka ja masa layi. In aka tashi mayaƙi yana da goma sauran bibbiyu, to ba maki za ka raba musu ba, matsalolin da takobi baya warwarewa za ka ƙirƙiro, sannan 7 zuwa 9 ɗin nan ka sa ta yi cizo da gaske, ya kashe mai gadi amma ihun ya tashi gidan duka. Kuma abu ɗaya za ka riƙa canzawa a kowane gwaji, in ka taɓa uku lokaci guda ba za ka san wanne ya yi aiki ba.

Tambaya: Malam dole ne sai da dayis? Ƙanwata ba ta son lissafi ko kaɗan. Daga wata mai karatu.

Amsa: Ba dole ba ne ƴar'uwa. Akwai wasan ban tsoro mai suna Dread, da hasumiyar katako ta Jenga ake yinsa, duk sanda jaruminki zai yi abu mai haɗari sai ki zaro katako ɗaya, wadda hasumiyar ta rushe a hannunta jaruminta ya fita daga labarin. Babu ƙirga ko ɗaya, hannu ne kawai ke rawa. Ki dai tanadi abin da wadda ta fita da wuri za ta yi, ko ki ba ta muryar dodon ta riƙe.