Zan Tafi Karatu Japan, Amma Maganar Fukushima Ta Hana Hajiyarmu Barci

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na samu gurbin karatun digiri na biyu a Jami'ar Tohoku da ke Sendai, to tun da Hajiyarmu ta ji cewa kusa da Fukushima ne inda tashar nukiliya ta yi haɗari hankalinta ya ƙi kwanciya, wai iskar can ma guba ce kuma kifinsu yana sa ciwon kansa. Don Allah akwai haɗari? Ko in sayi maganin nan na iodine in tafi da shi? Daga wata ɗaliba a Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya albarka. Hajiya tana da hujjar jin tsoro don abin da ya faru ba ƙarami ba ne, ranar 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa ta taso da igiyar tsunami ta shanye tashar Fukushima Daiichi, wuta ta ɗauke, na'urorin sanyaya suka tsaya, injina uku suka narke daga ciki, aka kwashe mutanen da ke cikin kilomita 20. Amma Sendai tana wajen kilomita 100 daga wurin, ko a lokacin ba a kwashe ta ba.

Cikin sinadaran nukiliya da suka fita daga tashar, biyu ne suka fi damun mutane. Akwai iodine-131 wanda shi ne ke taruwa a maƙogwaro, shi ya jawo wa yara ciwon kansa bayan haɗarin tashar nukiliya ta Chernobyl a Ukraine a 1986 saboda madarar da suka sha, to shi duk kwana 8 rabin ƙarfinsa yake tafiya, cikin 'yan watanni ya ƙare. Don haka maganin iodine ɗin nan, da ake sha don ya hana iodine-131 taruwa a maƙogwaro, ba abin da zai miki yanzu, kar ki sha shi haka kawai, yana iya rikita miki maƙogwaron ma. Na biyun shi ne cesium-137, wannan kam yana daɗewa, sai shekara 30 rabinsa ke raguwa, yana maƙale a ƙasa da dazuzzuka shi ya sa har yau akwai wuraren da aka killace kusa da tashar. Za ki ga shinge da allon gargaɗi, kar ki tsallaka ko da ƙawaye sun ce a je ɗaukar hoto.

Abinci kuwa in kin saya a kanti ki ci da bismillah, tun 2012 doka ta sa iyakar cesium bekerel 100 (ma'aunin ƙarfin sinadarin nukiliya) a kilo ɗaya, kuma shekaru aka yi ana gwada shinkafar Fukushima buhu buhu. Abin da zan ce ki guje shi ne naman kaza na daji (wato laimar kwaɗi) da ganyen da wani ya tsinko a dutse ya kawo miki kyauta, nan ne cesium ke taruwa. Ruwan tashar da aka fara saki cikin teku a Agusta 2023 an tace shi an sirka, hukumar makamashin nukiliya ta duniya, IAEA, tana auna shi.

Ki zaunar da Hajiya ki nuna mata taswira a waya, ga Sendai ga tashar, ki faɗa mata jirgin ƙasan layin Joban ya koma bi ta yankin tun 2020. Ni abin da ya fi damuna da garin shi ne girgizar ƙasa, ranar da kika sauka ki tambayi masu hostel ina ne wurin gudu in an busa jiniya.