Filin Makanikai: An gyara injin 504, amma ta kasa hawan Mbe

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da Peugeot 504 mai shan fetur da na gada daga mahaifina. An sauke injin, an sa sababbin fiston da shamis (rigar cikin silinda) da sigima (zoben fiston). A cikin gari lafiya lau take, amma da na kama hanyar Ngaundare, a hawan Mbe sai ƙarfinta ya mutu, da giya ta biyu muka haye. Makanikena ya ce a sake buɗe injin. Me kuka gani? Mai karatu daga Garwa, Kamaru.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka yarda a kwance kulas, wato kan injin, tukuna. Injin da aka haɗa sabo, yawanci saiti ne ke cin ƙarfinsa, kuma ana gano shi ba tare da an ɓarnatar da juwan kulas (shimfiɗar da ke tsakanin kulas da jikin injin) ba.

A fara da sufaf, wato bawul ɗin da ke buɗe wa iska ta shiga, hayaƙi ya fita. Bayan kamar kilomita 1,000 juwan yana zama, dole a sake ɗaure kusoshin kulas da makulli mai awo, injin yana sanyi. Wannan ɗaurin yana rage tazarar sufaf, shi ya sa ake sake saita su nan take: milimita 0.10 ga na shigar iska, 0.25 ga na fitar hayaƙi. Sufaf ɗin da ya matse ba ya nuna kansa a yawon cikin gari. Sai injin ya yi zafi a doguwar hawa ƙarfen ya miƙe, ya daina rufewa sosai, matsi ya riƙa tserewa. In aka bar shi haka, ƙonewa zai yi. Abin da ka bayyana ya fi kama da wannan.

Sai delko, mai raba wuta ga silinda. Tazarar bis platine (makatsin wuta na cikin delko) milimita 0.40 ce, ta buji (fulogi) 0.6, jerin wuta kuma 1-3-4-2, ana ƙirga silinda ta ɗaya daga ɓangaren akwatin giya. Nan ne yara masu koyo ke yawan kuskure. A haska alamar saitin wuta da fitilar saiti a taka totur: dole alamar ta gusa gaba. In ta tsaya cak, ƙarafan cikin delko sun yi tsatsa; a kuma duba ko siririn tiyon da ke zuwa daga karbureta ya tsage.

Karbureta ɗin, in mai maƙogwaro biyu ne, a kashe injin, wani ya taka totur har ƙasa, kai kuma ka leƙa ciki. In na biyun irin wanda totur ke buɗewa kai tsaye ne kuma bai buɗe ba, da rabin numfashi motar ke tafiya. A canza matatar fetur, musamman in kana shan zuwa-zuwa, wato fetur na bakin hanya, a kuma duba matatar iska, don ƙurar hunturu ba ta jimawa take toshe ta.

In duk wannan bai warware ba, a auna matsi: injin da zafi, an cire buji huɗun, totur a buɗe. Mai lafiya yana ba da wajen bar 10 (bar awon matsi ne), kuma bambancin silinda da silinda kada ya wuce bar 1. Wadda ta yi ƙasa, a zuba mata cokalin shayi ɗaya na man inji a sake aunawa. In allurar ma'aunin ta tashi, sigima ne bai zauna ba tukuna. In ba ta motsa ba, sufaf ne ko juwan. In kuwa duka huɗun sun faɗi daidai wa daida, a zargi sarƙar injin: an tsallake haƙori ɗaya lokacin haɗawa, kuma ta murfin gaba ake gyara wannan.

Ka kuma sa a lissafi cewa Ngaundare ta fi Garwa tudu da kusan mita 900. Inji mai karbureta yana rasa kimanin kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane mita 100, don haka ɗan sanyin jiki a saman dutsen ba laifi ba ne. Amma 504 mai lafiya, in ba a cika mata kaya ba, bai kamata ta nemi giya ta biyu tun daga gindin hawan ba.