Dubai ko Gwanzu, wanne ya fi kusa da aljihunka?

Wani ƙanenmu mai shagon kayan waya a babbar kasuwar Maradi ya turo tambaya, wai jarinsa ya kai miliyan uku na sefa yana so ya fara fita saro kaya da kansa, kuma an ce masa Dubai ta fi Gwanzu ta China kusa a jirgi, shin ya nufi can?

To ƙanena, gaskiya aka faɗa maka. Daga Yamai zuwa Dubai in an miƙe a sama kamar kilomita 5,700 ne, Gwanzu kuwa ta kai 11,500, ninki biyu kenan. Amma fa jirgi ba miƙewa yake ba, in ka hau Ethiopian sai an sauke ka Adis Ababa ka jira wani, kaga Dubai ɗin ta koma wajen 6,500, Gwanzu kamar 12,000. Ga kuma kar ɗin da za ka shiga daga nan zuwa Yamai, sama da kilomita 600, wuni guda cur. Shi ya sa mutanenmu da yawa suke bi ta Dan Isa da Jibiya su tashi daga Kano.

Sai dai ni ba kilomita ke damuna ba wallahi, miliyan ukun nan ne. Ka zauna da biro ka tara kuɗin biye, da biza, da otal, da abinci, da kargo, da duwan, a ce duka sun cinye miliyan ɗaya, to saura biyu ka sayi kaya, ma'ana duk cajar da ka saya jaka ɗaya ta iso shagonka a jaka ɗaya da rabi tun ba ka ɗora riba ba, alhali maƙwabcinka da ya saro a Kano yana nan zaune yana karya farashi. Wanda ya tafi da miliyan talatin wannan kuɗin hanyar ko a jikinsa.

Sannan caja da iyafis da gilashin waya da za ka gani a Deira, unguwar kasuwanni ta Dubai, yawancinsu daga China suka fito, ɗan Dubai dillali ne ya ci nasa. Amfaninta kawai kusa ce kuma ana sayar maka kaɗan kaɗan. Kar kuma ka dogara da akwati, biyu ne masu kilo 23 galibi, in ka wuce su caje ka har ka ji haushi.

Ni dai bana kar ka je ko'ina. Nemi Alhajin da ya saba zuwa Gwanzu wanda ka san gidansa, ka ba shi kamar jaka ɗari biyar ya haɗo maka da nasa, a rubuce da shaidu, ka lissafa kwana nawa kayan suka yi kafin su iso da nawa kowane ɗaya ya tsaya maka. In sun zo ka turo min lissafin mu duba tare.